Tsohuwar Tafireta Ta Dawo Kasuwa: Riba da Haɗarin da ke Cikin Cinikinta

A ɗakunan ajiya na ma'aikatu da bankuna da tsofaffin makarantun koyon kasuwanci a sassa da dama na ƙasar nan, akwai manyan tafiretoci na ƙarfe a jibge, ƙura ta lulluɓe su, suna jiran ranar gwanjo. Idan ranar ta zo, galibi 'yan gwangwan ne ke kwashe su, su ɗora a sikeli, su biya kuɗin nauyin ƙarfe, daga nan sai wurin narkarwa. A daidai wannan lokaci kuma, a Amurka da ƙasashen Turai, irin waɗannan na'urori sun zama abin marmari. Ana neman su, ana gyara su, ana ajiye su a falo, wasu ma da su suke rubuta wasiƙu da littattafai.

Wannan bambanci tsakanin darajar abu a nan da darajarsa a can shi ne tushen kowane ciniki, don haka ya cancanci ɗan kasuwa ya tsaya ya dube shi da kyau. Sai dai kafin mutum ya zuba jarinsa, yana da kyau ya san wace tafireta ce ke da kuɗi, me gyaranta ke ci, kuma wa zai saya.

Asalin masana'antar

A shekarar 1868 ne Christopher Latham Sholes, wani ɗan jarida a birnin Milwaukee na Amurka, tare da abokan aikinsa Carlos Glidden da Samuel Soulé, suka sami takardar mallakar fasahar na'urar da ta zama uwar tafiretocin zamani. A 1873 aka ƙulla yarjejeniya da kamfanin Remington, wanda a lokacin bindigogi da kekunan ɗinki yake ƙerawa, a 1874 kuma na'urar ta shiga kasuwa a kan dala 125. Manyan baƙaƙe kaɗai take bugawa, kuma mai bugu ba ya ganin abin da ya rubuta sai ya ɗaga kanta. A 1878 Remington ta fito da samfuri na biyu mai buga manya da ƙananan baƙaƙe. Jerin haruffan da Sholes ya tsara, wanda ya fara da QWERTY, shi ne har yau yake kan kwamfuta da wayar hannu.

Babban sauyi ya zo ne da Underwood mai lamba 5, wadda ta fito a farkon ƙarni na 20 bisa ƙirar wani Bajamushe mai suna Franz Xaver Wagner. A kanta mai bugu yana ganin kowane harafi a lokacin da ya sauka a takarda. An ƙera sama da miliyan 3 na wannan samfuri kafin a daina shi a farkon shekarun 1930, kuma kusan duk babbar tafiretar ofis da ta biyo baya siffarta ta ɗauka.

Daga nan gasa ta kankama. Kamfanin Royal ya fito da lamba 10 a 1914, mai tagogin gilashi a gefe. A Italiya, Camillo Olivetti ya kafa masana'antarsa a garin Ivrea a 1908, kuma Lexikon 80 da kamfanin ya fitar a 1948 ta yi kyan da har gidan adana kayan fasahar zamani na birnin New York ya ajiye ta. A Ingila, kamfanin Imperial na birnin Leicester ya fito da samfuri mai lamba 50 a 1927, wanda ake iya zare kansa da jerin haruffansa a musanya da wasu cikin ɗan lokaci. A Jamus ta Yamma, Olympia ta fitar da SG1 a 1953, wadda masana da yawa ke sa ta a sahun gaba wajen ƙarko da daɗin bugu.

Yadda kasuwar ta durƙushe

Faɗuwar ba ta zo dare ɗaya ba. A 1959 Olivetti ta sayi hannun jari mai rinjaye a Underwood, alamar cewa tsohon gwarzon na Amurka ya fara gajiya. A 1961 kamfanin IBM ya fito da Selectric mai aiki da lantarki, wadda ta mamaye manyan ofisoshin Amurka. A 1975 aka rufe masana'antar Imperial ta Leicester. Da kwamfuta ta shigo ofis a shekarun 1980, sai ta lantarkin ma ta bi sahu. IBM ta rabu da sashen tafiretarta a 1991, Olympia ta daina ƙira a Jamus a farkon shekarun 1990, Smith Corona kuma ta nemi kariyar kotu daga masu binta bashi a 1995.

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi daɗewa a fagen shi ne kamfanin Godrej and Boyce na birnin Mumbai a Indiya, wanda ya fara ƙera tafireta a 1955, kuma a shekarun 1990 yana fitar da kimanin 50,000 a shekara. Ya tsayar da ƙira a 2009, a 2011 kuma jaridun duniya suka ba da labarin cewa 'yan ɗaruruwa kaɗai suka rage masa a sito. A watan Nuwamban 2012 kamfanin Brother ya ƙera tafiretarsa ta ƙarshe a Birtaniya, ya miƙa ta ga gidan adana kayan kimiyya na Landan.

A fannin tattalin arziki wannan yana da ma'ana guda. Adadin manyan tafiretocin ƙarfe na waɗannan kamfanoni ba zai sake ƙaruwa ba. Duk wadda aka narkar ta tafi ke nan.

Zamaninta a Nijeriya

Idan ba a manta ba, tun daga zamanin mulkin mallaka har zuwa shekarun 1990, babu ofishin gwamnati ko na En'e ko na kamfani da ke tafiya ba tare da tafireta ba. Kowace ma'aikata tana da ɗakin masu bugu. Takardar ɗaukar aiki, takardar sallama, sammaci, kwangila, duk ta nan suke bi, a sa kabon biyu ko uku a tsakanin takardu don a sami kwafe. Makarantu kuma da ita suke yanka sitansil na tambayoyin jarrabawa. Dubban matasa sun sami abinci ta hanyar makarantun koyon bugu da gajeren rubutu, inda suke zana jarrabawar Pitman ko ta RSA, kuma yawan kalmomin da mutum ke bugawa a minti guda shi ke yanke masa matsayi da albashi. A bakin kotuna da gidajen waya kuwa, masu bugu suna zaune a inuwa da teburinsu suna buga wa jama'a takardun rantsuwa da na koke.

Masu rubutun Hausa sun sha fama da ita ta wata fuskar. Tafiretar da aka ƙera don Ingilishi ba ta da ɓ da ɗ da ƙ, don haka ko dai a yi oda ta musamman, ko mai bugu ya bi da alƙalami yana lanƙwasa haruffan da hannu. Yarbanci da Ibo ma suna da tasu matsalar ta ɗigo a ƙarƙashin harafi. Wannan ne ya sa a shekarun 1980 Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta tsara jerin haruffa 33 na bai-ɗaya don harsunan Nijeriya, bisa shawarar masaniyar harshe Kay Williamson, tare da taimakon shahararren mai zanen haruffa na Jamus, Hermann Zapf. Saboda haka duk tafiretar da aka samu da haruffan harsunan ƙasar nan a jikin sandunanta, ba kowace ƙasa ce ke da irinta ba, kuma bai kamata ta ƙare a sikelin ɗan gwangwan ba.

Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya taɓa wannan sana'a sosai. Naira, wadda a farkon shekarun 1980 ta fi dala daraja, ta kai kusan 22 a kan dala ɗaya a farashin gwamnati a 1993. Shigo da sababbin na'urori da kayan gyara ya yi tsada, sai makanikan tafireta suka koma cire kayan wannan suna sa wa waccan. Hakan ya ƙara musu gwaninta, amma kuma ya sa tafiretoci da yawa da ke ƙasar nan a yau gauraye ne, jiki na wani samfuri, kai na wani. Da shagunan buga takardu da kwamfuta suka yaɗu a ƙarshen shekarun 1990, sai aka tura tafireta ɗakin ajiya.

Su wane ne masu tarawa

Masu iya magana kan ce da tsohuwar zuma ake magani. Tun a 1987 masu sha'awar tsofaffin tafiretoci a Amurka suka fara fitar da mujallarsu mai suna ETCetera. Sha'awar ta ƙara bazuwa bayan 2010. A 2015 wani malamin falsafa, Richard Polt, ya wallafa littafi mai suna The Typewriter Revolution, a 2016 kuma aka fitar da fim ɗin gaskiya mai suna California Typewriter, wanda a cikinsa ɗan wasan kwaikwayon nan Tom Hanks, mai tafiretoci masu yawan gaske, ya bayyana dalilin ƙaunarsa gare su.

Masu saye sun kasu gida-gida. Akwai masu tara kayan tarihi, waɗanda ke neman samfurin da ba a ƙera da yawa ba. Akwai marubuta da ɗalibai da ke son na'urar da ba ta da saƙon da zai katse musu tunani, ba ta kuma buƙatar wuta. Akwai masu otal da gidajen abinci da masu shirya fina-finai, waɗanda ado ne ya dame su, ko na'urar tana aiki ko ba ta yi. Har wasu hukumomi sun waiwaye ta saboda tsaro. A 2013 an ba da rahoton cewa hukumar da ke tsaron manyan jami'an Rasha ta yi odar tafiretoci masu lantarki, a 2014 kuma shugaban kwamitin majalisar Jamus da ke binciken leƙen asirin Amurka ya ce kwamitinsa na duba yiwuwar amfani da ta hannu, tun da ba a yi wa takarda kutse daga nesa.

Waɗanda ke bugu da manyan na ofis sukan ce ba a haɗa su da ƙananan na tafiya. Nauyinta ya sa ba ta zamewa a kan tebur, maɓallanta suna da taushi, kuma an ƙera ta ne don ta yi aiki daga safe zuwa yamma shekara da shekaru. Ƙarar haruffa da ƙararrawar ƙarshen layi ma suna cikin abin da suke so.

Abin da ke yanke farashi

A nan ne ɗan kasuwa ya kamata ya yi hattara, domin hangen Dala ba shiga birni ba ne. Labaran da suka fi yawo su ne na manyan kuɗi. A watan Disamban 2009, gidan gwanjo na Christie's ya sayar da ƙaramar Olivetti ta marubuci Cormac McCarthy a kan dala 254,500, alhali kuwa dala 50 ya saye ta a 1963. A 1995 an sayar da Royal mai ruwan zinariya ta Ian Fleming, wanda ya ƙirƙiro James Bond, a kan sama da fam 55,000. Amma sunan mai ita aka saya a nan. Irin wannan Olivetti ɗin, idan ba ta kowa ba ce, 'yan ɗaruruwan daloli ne kuɗinta idan ta yi tsada.

Abu huɗu ne ke yanke farashi. Na farko ƙaranci. Tafiretocin ƙarni na 19, irin su ta Sholes da Glidden, kan kai dubban daloli masu yawa a gwanjo, amma Underwood lamba 5, duk da tsufanta, tana da araha, saboda miliyoyi aka ƙera. Shekaru kaɗai ba sa sa abu tsada. Na biyu lafiyar na'urar: fenti na asali, tambarin kamfani bai goge ba, babu ɓangaren da ya ɓace ko aka musanya. Na uku tarihin mallaka, wato shaidar da ke nuna hannun wa ta bi. Takardar gwanjo ko lambar kadara ta wata tsohuwar ma'aikata da ke jikinta na iya ƙara mata daraja, don haka kuskure ne a kankare su. Na huɗu irin haruffanta. Yawanci haruffa 10 ne ko 12 a kowane inci, amma mai salon rubutu na daban ko mai haruffan wani harshe ta fi jan hankalin masu tarawa.

Kowace tafireta tana da lambar ƙira da aka buga a jikin ƙarfenta. Da wannan lamba ake gane shekarar da aka yi ta, domin masu tarawa sun tattara jerin lambobin manyan kamfanoni. Mai saye da ya san aikinsa lambar yake fara nema kafin ya tambayi kuɗi.

Aikin gyara

Yawancin tafiretocin da ake cewa sun lalace, datti ne kawai ya kama su. Tsohon mai da ƙura da guntayen abin goge kuskure sukan daskare a ramukan da sandunan haruffa ke motsi a ciki, sai harafi ya tashi ya maƙale. Maganinsa a hure ƙurar, a bi ramukan da ƙaramin buroshi da sinadarin narka maiƙo mai saurin bushewa, a yi ta danna maɓallin har ya saki. Ƙa'idar da ƙwararru suka yi ittifaƙi a kanta ita ce ba a zuba mai a waɗannan ramuka. Man fesawa na gwangwani da ake sassauta noti da shi yakan sa harafi ya saki yau, bayan 'yan watanni kuma ya kama ƙura ya daskare fiye da da. Ɗigon man keken ɗinki a kan titin da kan tafireta ke gudu ya wadatar. Haka kuma ba a bari sinadarin ya taɓa fenti ko tambari.

Idan kan tafireta ya ƙi tafiya bayan an buga harafi, sau da yawa igiyar da ke haɗa shi da babban sifirin ce ta tsinke, kuma igiyar kamun kifi mai ƙarfi tana maye gurbinta. Ƙyallen tawada, wanda masu bugu ke kira ribin, ba ya wahalar samu, domin akasarin tafiretoci mai faɗin rabin inci suke ɗauka. Abin lura shi ne kada a yar da tsofaffin ƙwaryar ƙarfe da ake naɗa shi a kai, saboda wasu samfura nasu kaɗai ke shiga. Sabon ribin sai a naɗa shi a tsohuwar ƙwarya.

Babbar matsala ita ce roba. Robar da takarda ke naɗuwa a kanta takan bushe ta yi tauri kamar dutse, sai haruffa su riƙa huda takarda, ƙananan robobin da ke jan takarda kuma su baje. A Amurka akwai kamfanin da ke sake wa wannan sanda sabuwar roba, amma kuɗin aikin da na aikawa na iya zarce kuɗin na'urar kanta. Yanayin wuri ma yana da tasiri. Laimar garuruwan bakin teku irin su Legas da Fatakwal tsatsa take kawowa, zafi da bushewar Arewa kuma sun fi cin roba, ƙarfen ya tsira. Tsatsar sama ana gogewa, amma wadda ta ci haƙoran da ke tafiyar da kai harafi bayan harafi ta gama da na'urar, sai dai a ajiye ta don cire kayan gyara.

Masu tarawa suna kokawa da wata ɓarna kuma. Wasu kan yanke maɓallan gilashi na tsofaffin tafiretoci su yi 'yan kunne da maɓallan riga da su, su yar da sauran. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, amma na'urar da ta shekara 80 tana aiki ta tashi daga aiki ke nan.

Lissafin ɗan kasuwa

Babbar tafiretar ofis tana da nauyin kilo 13 zuwa 18. Wannan nauyi shi ne ya hana farashinta tashi kamar na ƙananan, ko a can ƙasashen wajen, domin kuɗin aika ta kan kusanci kuɗinta ko ya wuce shi. Bugu da ƙari, jikin tsofaffin na baƙin ƙarfen zubi ne, wanda ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi idan ya faɗi. Duk wanda zai aika sai ya ɗaure kan, ya cike ramin haruffa da takarda, ya sa ta a kwali biyu. Idan aka haɗa kuɗin jirgi daga Nijeriya da na inshora da hayar dillali, fitar da samfurin da ya cika kasuwar Turai da Amurka asara ce tun kafin a fara. Fitarwa tana da ma'ana ne kawai ga na'urar da ba a cika samu ba, ko wadda ke da tarihi a rubuce.

Kasuwar cikin gida ta fi kusa da hannu. Masu shirya fina-finai a Legas da Kano suna buƙatar kayan ofis na da idan labarinsu ya shafi shekarun 1960 ko 1970, kuma haya ta fi sayarwa riba, tun da kayan na dawowa. Otal-otal da shagunan littattafai suna saye don ado. Jami'o'i da gidajen tarihi da tsofaffin kamfanoni masu son nuna tarihinsu su ma abokan ciniki ne. A inda wutar lantarki ba ta da tabbas kuwa, na'urar da ke cike fom ba tare da janareta ba tana da sauran amfani.

Hanyar samun kayan ita ce gwanjon hukuma. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta tanadi yadda ake zubar da kadarorin gwamnati da suka tsufa, don haka mai hankali zai bi ta wannan ƙofa ya karɓi rasidinsa, wanda zai kare shi, ya kuma zama shaidar asalin kayan. Sayen kayan ofis ta bayan fage rigima ce ke biyo bayansa.

Abin da ya fi na'urorin kansu ƙaranci shi ne masu gyara. Makanikan da suka koyi aikin a shekarun 1970 da 1980 sun manyanta, da yawa sun koma gyaran injin hoto ko keken ɗinki, kuma da wuya a ga yaro yana koyo a hannunsu. Ko a Amurka, shagon birnin Berkeley da aka yi fim ɗin California Typewriter a kansa ya rufe a 2020. Daidaita haruffa su zauna a layi ɗaya, ko saita sifirin yadda kai ba zai yi tsalle ba, aiki ne da ake koya a gefen gwani, littafi ba ya isa. Tafiretar da ba ta aiki kuɗin ado take yi, wadda ke aiki kuma kuɗin kayan aiki, kuma tazarar da ke tsakanin farashin biyu hannun makaniki ne ke samar da ita.

Saboda haka duk mai niyyar shiga wannan ciniki, tsohon makanikin ya kamata ya fara nema kafin tafiretar, ya biya shi haƙƙinsa, ya kuma zaunar da yaro ɗaya ko biyu a kusa da shi. Hukumomin da ke da irin waɗannan kaya a sito kuwa, ya dace su sa wanda ya sani ya duba su kafin a kira mai sikeli, a ware masu haruffan harsunan ƙasa da masu tarihi a miƙa wa gidajen adana kayan tarihi, sauran a yi gwanjonsu ɗaya bayan ɗaya a bainar jama'a. Kuɗin da za a samu ta haka zai fi na kilo, kuma na'urorin da suka buga takardun ƙasar nan na shekaru masu yawa za su ci gaba da aiki.